Ranar da Batirin Danladi Ya Mutu a Kan Layin Dogo

Ku yaran yanzu, idan mota ta ƙi tashi sai ku ɗora waya biyu a kan batir, ku dubi lambar da na'ura ta nuna, ku ce wa mai mota ya sayi sabo. Na ji ɗayanku yana cewa sana'ar batir ba ta wuce ɗauka da ajiyewa ba. Ban yi masa musu ba, domin batirin da ya sani a rufe yake zuwa, a rufe kuma yake mutuwa, bai taɓa ganin cikinsa ba. Mu a Kafanchan, a shekarun saba'in, buɗe shi muke yi. Kuma idan ka ce wa direba batirinsa zai kai shi, to da bakinka zai ɗauki mutane ya shiga daji.

Sunana Ayuba, daga wani ƙauye kusa da Fadan Kaje. Bayan an gama yaƙin basasa kawuna ya kawo ni gari, ya damƙa ni a hannun Malam Garba, wanda kowa ke kira Garba Dalma. Gidansu tsofaffin 'yan kasuwa ne a garin, amma shi ya bar awo da mudu ya kama batir. Rumfarsa tana bayan tashar mota: benci mai kauri da asid ya cinye gefensa, caja guda mai gurnani, da manyan kwalabe a cikin kwandunan kara. Aikina na farko ɗiban ruwa ne. Idan hadari ya haɗu sai in kai tasoshin tangaran tsakiyar fili in tari ruwan sama. Wata rana na ga ruwa na zuba daga indararo kamar da bakin ƙwarya, na tara a nan don in huta. Malam Garba ya ɗaga kwalbar ya duba ta a rana, ya juye ta a ƙasa.

"Wannan ya taɓa kwano," ya ce. "Ruwan da ya taɓa ƙarfe ba ya shiga batir, Ayuba. Na rijiya ma haka. Yau ba za ka ga komai ba, sai bayan wata shida mai mota ya dawo yana zagin ka."

Batir na farko da na buɗe na wata motar kwasar itace ne. A lokacin akwatin baƙar roba ce mai tauri, an raba cikinsa ɗaki shida, an toshe saman da kwalta. Sai ka juye ruwan, ka huda dalmar da ta haɗa ɗaki da ɗaki, ka kunna risho mai feshin wuta ka bi kwaltar a hankali har ta yi laushi, ka kankare ta da wuƙa mai zafi. Daga nan ka jawo farantan ciki. A jere suke kamar yankan burodi, tsakanin kowane biyu akwai siririn shinge da ke hana su taɓa juna. Wanda ya ruɓe ka cire, ka ɗauko mai kyau daga wani mataccen batir ka jera, ka narka dalma ka haɗe. Haɗa ruwan ma da ƙa'idarsa: asid ake tsiyayawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a zuba ruwa cikin asid, in ba haka ba ya tafasa ya watso maka a ido. Ba a shan taba kusa da batirin da ke kan caji, domin iskar da yake fitarwa tana kamawa da wuta. A shekarata ta farko ba ni da wando ɗaya da ba shi da huji.

Abin da ya fi ɗaukar ni lokaci shi ne sanin yaushe batir ya gama. Batir ba ya mutuwa rana ɗaya. Tun ranar da aka zuba masa ruwa yake tafiya. Duk tashin mota, duk gargadar hanya, wani ɗan gari yana zubowa daga jikin farantan ya kwanta a ƙasan akwatin kamar laka. Masu ƙera shi sun bar wa lakar wuri. Ranar da ta cika wurin ta taɓa ƙafar farantai, ɗakin ya mutu, ko ka kwana kana yi masa caji. Motar malamin makaranta da ba ta barin kwalta tana iya cin damina uku ko huɗu da batir ɗaya. Motar kasuwa mai bin hanyoyin ƙauye, ga zafi ga girgiza, idan ta yi damina biyu ta gode wa Allah.

Yana kuma ba da sanarwa, mutane ne ba sa ji. Da safe mota ta riƙa juyawa da nauyi kamar mai ciwon baya. Fitila ta dushe idan an ɗaga ƙafa daga totur. Ɗaki ɗaya ya fi sauran shan ruwa. Gefen akwatin ya kumbura. Muna da kayan gwaji biyu. Ɗaya kwalba ce doguwa mai kan roba, ka zuƙo ruwan batir da ita ka ga inda ɗan abin ciki ya tsaya. Idan ruwan ya fito ja-ja kamar kunun dawa, to farantai sun fara zubewa. Ɗayan muna ce masa cokali, ƙarfe ne mai yatsu biyu da agogo a tsakiya. Ka danna shi a kan ɗaki, yana jan wuta kamar yadda mota ke ja. Mai lafiya allurar za ta tsaya cak. Mai mutuwa sai ka ga tana zamewa ƙasa, ruwan ɗakin yana tafasa, wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ya taso. Malam Garba ya ce batir ana gyara shi sau ɗaya, ana lallaɓa shi sau na biyu, na uku kuwa ba gyara ba ne, yaudara ce.

Zuwa tsakiyar shekarun saba'in tari ya kama shi, hayaƙin dalma ya gama da ƙirjinsa. Ya koma gida ya bar mini rumfar. A daidai lokacin ne muguwar shekara ta zo. An yi wa ma'aikata ƙarin albashi, motoci suka cika gari, kaya kuma suka maƙale a tashar jiragen ruwa a Ikko. Sabon batir ya ɓace. Na je Jos, na je Kaduna, na dawo hannu rabbana. Matattun da muke ciro farantai a jikinsu ma suka ƙare, domin ba wanda ke yar da nasa. Sai ga wani mutum ya zo ya kafa rumfa a ɗaya gefen tasha, ya ce a kira shi Dokta. Aikinsa shi ne ya juye batir, ya ɗauraye shi sama-sama, ya cika shi da asid mai ƙarfi fiye da ƙima, ya shafa wa akwatin baƙin fenti. Batir kuwa ya tashi mota da ƙarfi kamar sabo. Abin da ba ya faɗa shi ne asid ɗin yana cin sauran farantan ne daga ciki. Direbobi suka koma wurinsa. Ni aka sa mini suna Ayuba Ya-Mutu, wai ba abin da na iya faɗa sai wannan.

Danladi yana cikin tsofaffin masu zuwa wurina. Mutumin Kagoro ne, mai fara'a, yana jan babbar mota mai bodin katako da shi da 'yan'uwansa suka haɗu suka saya. Ita ce abincin gidaje uku. Batirinta na riga na buɗe shi sau biyu. Da ya kawo shi karo na uku, na danna cokali a ɗaki na huɗu, allura ta faɗi kafin in ƙifta ido.

"Danladi, wannan ya gama," na ce.

"Haba Oga Ayuba. Ka sake buɗe shi mana."

"Ba abin da zan samu a ciki. Ka ajiye motar har kaya su iso."

"In ajiye mota? Yara su ci mene?"

"To ka saurara. Motarka dainamo gare ta. Idan kana gudu shi ke ba da wuta. Idan ka rage gudu sosai, batir ne ke riƙe injin. Wata rana za ka rage gudu, injin ya nemi wuta ya rasa, ya mutu. Ba kai za ka zaɓi wurin ba."

Ya yi dariya, ya ce motar nan ta san shi, ba ta taɓa ba shi kunya ba. Ya ɗora batirin a ka ya tsallaka wurin Dokta. Washegari ya wuce ta gaban rumfata, ya kashe mota, ya tashe ta bugu ɗaya, ya yi mini oda ya wuce.

Bayan 'yan makonni, farkon damina, na gama wani aiki na Sista Hannatu. Ita ce mai kula da wani ƙaramin ɗakin shan magani na mishan a gefen Manchok, tana da ƙaramar a-kori-kura da take kai marasa lafiya babban asibiti. Na zuba wa batirinta farantai mafi kyau da suka rage mini, na yi masa caji a hankali har ya cika. Ta aiko cewa a kawo shi da gaggawa. Na kai shi tasha da hantsi, na tarar mota ɗaya ce mai zuwa wajen, ta Danladi.

Tun a tasha na ga abin da ban so ba. Ya ajiye motar a kan gangare, an sa dutse a taya. Da lokacin tashi ya yi, bai taɓa maɓallin tashi ba, sai aka cire dutsen ta gangara ya saki kuloci. Ya kauce wa idona. Na shiga gaba na zauna kusa da shi, batirin Sista a tsakanin ƙafafuna. Nasa kuwa a ƙarƙashin kujerar da nake zaune yake, tun daga nan ina jin warinsa.

"Tun yaushe ya daina tashi?" na tambaye shi.

"Da safe ne kawai yake yi. Idan ya yi zafi ba matsala."

Bayan Kagoro ya bar babbar hanya ya shiga wani ƙauye ɗaukar kaya. Bai kashe injin ba duk tsawon lodin, ƙafarsa na kan totur. Aka loda buhunan citta da na dawa har saman bodi, mata 'yan kasuwa suka hau kai da kwandunansu da goyonsu, da maza kaɗan. Suka kama waƙar zumunta, muka kama hanya.

Hanyar fita daga ƙauyen tana ratsa layin dogo mai zuwa Jos. Ba ƙofa a wurin, ba mai gadi, allo ne kawai da ya yi tsatsa. Hanyar tana hawa zuwa kan layin, ta sauka ta ɗaya gefen. Ruwan farko ya kwashe ƙasar da ke tsakanin ƙarafan biyu ya bar rami. Dole Danladi ya rage gudu. Tayoyin gaba suka tsallake. Na baya suka hau ƙarfe na farko suka faɗa ramin, ya ɗaga ƙafa don ya canja giya, injin ya yi tari sau biyu ya yi shiru.

Waƙar da ke sama ta tsaya. Danladi ya danna maɓalli, muka ji ƙas, shi ke nan. Ya sake dannawa yana buga totur da ƙafa, ko ƙas ɗin bai sake yi ba. Ya yi tsalle ya sauka, ya zaro handil ya zura a gaban injin ya yi ta juyawa har jijiyar wuyansa ta fito. Na leƙa na ce masa ya bari, ko ya juya har gobe ba wutar da za ta kai fulogi.

Na sauka na ce kowa ya sauko. Maza suka sa kafaɗa, mata suka taya, motar ta yi gaba kaɗan ta dawo. Tayoyin sun zauna daram a tsakanin ƙarafan, ga nauyin kaya. Wasu suka hau suna jefo buhuna. Na dubi layin. Ta wajen Kafanchan ana gani har nesa. Ta wajen Jos kuwa layin ya yi kwana ya shige bayan wani tudu, kuma gangarowa yake yi. Wani tsoho ya ce jirgin safe bai wuce ba tukuna, ya makara.

Ina tsaye ƙafata ɗaya a kan ƙarfen. Takalmin taya ne a ƙafata, duk da haka na ji wani ɗan zir-zir yana shigowa tafin ƙafar. Na tsuguna na dafa da hannu. Ƙarfen yana rawa.

A cikin matan akwai wata doguwa mai suna Asabe, mai sayar da citta. Ta ga fuskata, ba ta tambaye ni komai ba. Ta kwance goyonta ta miƙa wa ta kusa da ita, ta fizge jan ɗankwalin da ke kanta, ta ɗage zani ta kama gudu a tsakiyar layin ta nufi kwanar.

"A kwashe yara a yi nisa," na ce. "Masu ƙarfi su tsaya a baya. Idan kun ga kan jirgin ya fito, ku bar motar ku gudu, kada wanda ya jira wani."

Tsohon ya ce mu bar ta kawai. Amma ba motar kaɗai ba ce. Idan jirgi ya bugi wannan nauyi a kan gangare, yana iya sauka daga layi, kuma ba wanda ya san ko kaya ya ɗauko ko mutane.

"Danladi, shiga ka zauna," na ce masa.

Na cire kujerar na jefar waje, na durƙusa a ƙasan motar. Kan batirinsa ya cika da farin gari, notin ya ci tsatsa, ba lokacin kwancewa. Na ɗauki babban sifana na doke wayoyin biyu daga ƙasa har suka fita. Akwatin da zafi, yana huci. Tartsatsi ɗaya a wurin zai iya fasa shi a fuskarmu, sai na jawo wani jiƙaƙƙen buhu da ke ƙasa na rufe shi. Na matso da batirin Sista. Ƙarami ne, bakin wayoyin babbar mota ya yi wa kansa yawa. Ɗaya na cusa masa ƙusa na doke ya kama. Ɗayan ba abin da zan sa, na danne shi da sifana, na ɗora tafin hannuna a kai da duk nauyina.

"Danna."

Injin ya juya da ƙarfi, ya juya, bai kama ba. Warin fetur ya cika wurin. Bugun totur da ya yi ɗazu ya shaƙe kafireto da mai. A lokacin muka ji odar jirgin, doguwa, daga bayan tudun.

"Ya ƙi, Oga Ayuba. Ya ƙi."

"Bar shi. Sa giya ɗaya. Cire ƙafarka daga kuloci."

"A giya?"

"A giya. Batirin ne zai ja motar. Ka danna, kada ka saki sai na ce."

Wannan abu ne da ba a yi wa batir. Ƙarfin da aka tanada don juya injin na ɗan lokaci, ka ce ya ja mota da kayanta. Ya danna. Motar ta yi ƙugi ta zabura, na baya suka yi kukan kura suka tura, tayoyin suka hau gefen ƙarfen suka tsaya, suka dawo. Sifanan ya yi zafi a hannuna. Na ji muryar wata mata a baya tana cewa a sa duwatsu, na ji ana jefa su ƙarƙashin taya. Odar ta sake tashi, yanzu a kusa, tare da ƙarar ƙarfe yana goga ƙarfe.

Danladi ya juya zai dubi taga.

"Kada ka duba. Danna."

Ya danna. Hayaƙi ya taso daga ƙarƙashin hannuna, na ga dalmar kan batirin tana sheƙi tana narkewa, tana gangarowa gefen akwatin. Idan na ɗaga hannu wuta ta yanke. Motar ta hau a hankali, kamar saniyar da ke tashi daga kwance, ta tsaya a kan ƙarfen tana lilo. Danladi yana ta faɗin "Yesu, Yesu" a ƙasan maƙoshi. Sai na ji bayan ya faɗa ta ɗaya gefen. Ta kama gangara, injin ya yi wata irin atishawa ya kama da kansa, muka yi gaba cikin ciyawa.

Jirgin ya zo yana kuka, birki a danne, tartsatsi na fita daga ƙafafunsa. Direban ya ga jan ɗankwalin Asabe tun a kwana, amma nauyi da gangare ba su bar shi ya tsaya ba. Kansa ya bi ta inda muke a tsaye ɗazu, ya niƙe buhunan da aka jefar a kan layi, tarago uku ko huɗu suka wuce kafin ya tsaya. Na fasinja ne. Kowace taga kawuna ne, har da yara. Ƙamshin citta ya cika wurin. Direban jirgin ya sauko, wani dattijo da tawul a wuya, ya zagaya ya dubi ƙarƙashin taragon.

"Akwai wanda ya rage a ciki?" ya tambaya.

Aka ce babu. Ya dubi Danladi ya daɗe, ya juya ya hau abinsa. Asabe ta dawo tana ɗingishi, duwatsun layi sun yayyanka mata ƙafa, ta karɓi ɗanta ta goya.

Sai da na zo sakin sifanan na ga ya manne da fatar hannuna. Muka ɗaure wayar a sauran kan batirin da igiyar ƙarfe, muka ƙarasa Manchok a haka. Rabin matan sun ce sun gwammace su taka da ƙafa.

Sista Hannatu ta wanke hannun, ta yanke fatar da ta mutu, ta naɗe shi. Sai da ta gama ta ce, "Ina batirina?"

Na nuna mata. Kai ɗaya ya narke ya koma kamar gindin kyandir, akwatin har lokacin da ɗumi.

"Zai tashi motata?"

"A'a, Sista. Ko ya tashe ta yau, ba zan ce ki dogara da shi ba."

Ta ce akwai mace a ɗakin ciki, cikinta wata tara, yaron a gicciye yake, ko yaushe ana iya bukatar a kai ta babban asibiti. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce kawai, "Ka san abin da za ka yi, amma ka yi shi da sauri."

Da hannu ɗaya ba a narka dalma. Na koma Kafanchan da batirin da yamma na wuce gidan Malam Garba kai tsaye. Yana kan tabarma a zaure yana tari. Na ba shi labari. Ya dubi hannun, ya ce a miƙo masa takalmansa.

Washegari da sassafe yana kan bencin da ya bari. Ya buɗe batirin Sista, ya sami farantan ɗaki ɗaya sun lanƙwashe saboda zafi. Ya miƙar da su a tsakanin katako biyu, ya sa sabon shinge daga wasu da ya ɓoye a gida tun kafin kaya su yi wuya. Saura kan da za a zuba, ni kuma dalmata ta ƙare. Muna cikin neman abin narkawa sai ga Danladi da nasa batirin a ka. An jawo motarsa gida daga Manchok da igiya. Ya sauke shi a gaban bencin.

"Baba, ku buɗe shi," ya ce. "Ina so in gani da idona."

Malam Garba ya juye ruwan, baƙi ƙirin, ya bi kwaltar da wuta, ya jawo ɗaki na huɗu. Abin da ya fito ba farantai ba ne, ragar dalma ce tsirara, duk naman ya zube. Ya zura sanda a cikin akwatin ya fito da ita, laka ta kai rabin yatsa sama da inda ya kamata ta tsaya. Ya buɗe na kusa da shi, haka. Danladi ya tsuguna yana kallo. Direbobi suka taru a bakin rumfar, domin labarin ya riga ya zaga tasha.

Dokta ma ya zo. Ya leƙa, ya ce ai laifin dainamo ne, ba na aikinsa ba. Sannan ya taɓa akwatin da ƙafa ya ce wa Danladi, tun da ya gama da shi, ya bar masa gangar jikin, akwatin lafiyarsa ƙalau, akwai mai so.

"Wa ke so?" Danladi ya tambaya.

"Wani mai ɗaukar 'yan makaranta. Zan gyara masa."

Danladi ya miƙe ya ɗauki babbar gudumar da ke jingine da bencin. Mutane suka ja da baya. Ya ɗaga ya sauke a tsakiyar akwatin, ya sake, ya sake, har robar ta tarwatse, laka ta fantsama a ƙafafun wandonsa. Bai tsaya ba sai da ba sauran ɓallin da ya kai tafin hannu. Ya ajiye gudumar yana haki. Dokta ya riga ya koma rumfarsa.

Malam Garba ya gama tarinsa, ya nuna ƙasa da sanda.

"Tsince mini dalmar," ya ce. "Ita ba ta yi laifin komai ba."

Danladi ya durƙusa ya tsince ta ɗaya bayan ɗaya ya wanke. Da ita aka zuba wa batirin Sista sabon kai. Ya kwana a caji, da gari ya waye na danna masa cokali ɗaki-ɗaki, allura ta tsaya cak a duka shida. Danladi ne ya ɗaure shi a bayan keken ƙaninsa ya tuƙa har Manchok, ya ɗaura a motar da hannunsa. A cikin makon aka kai matar asibiti, aka yi mata aiki, ita da yaron suka rayu.

Sabon batir bai shigo Kafanchan ba sai bayan kaka. Duk wannan damina motar Danladi tana gindin mangwaro a ƙofar gidansu, an ɗora ta a kan duwatsu, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. Mutane sun yi ta zuwa suna cewa ga wani batir can an gyara, ya karɓa ya lallaɓa. Ya ce a'a. Ya ɗauki fartanya ya bi 'yan'uwansa gona.